Fashin baƙi: Shin fetur mai yawan etanol yana kashe injin tsohuwar mota?

Shin gaskiya ne fetur ɗin da aka gauraya da etanol yana kashe injin tsohuwar mota? Tambayar ta sake tasowa tun bayan hayaniyar da aka yi a Indiya a 2025, lokacin da gidajen mai a can suka koma sayar da E20, wato fetur mai kashi 20 na etanol, masu tsofaffin motoci suka yi ca a kan gwamnati, har magana ta kai Kotun Ƙolin ƙasar, ita kuma ta yi watsi da ƙarar a farkon Satumba. Labarin ya iso mu ta WhatsApp da Facebook, ya kuma fama wani tsohon miki, wato gurɓataccen man da ya tsayar da motoci a Abuja da Legas a 2022.

A Jos, inda har yau Peugeot 504 ke dakon buhunan dankali, Golf da Vectra kuma suna jigilar fasinja tsakanin Terminus da Bukuru, maganar ta shafi tuwon mutane kai tsaye. A garejin Farin Gada da shagunan kayan gyara na Dilimi amsa biyu ake ji. Wasu na cewa guba ne. Wasu na cewa Amurka da Birazil sun shekara da shekaru suna shan sa, babu abin da ya same su. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma kalmar "inji" ce ke rikita zancen. Da wuya etanol ya taɓa fistin ko ringi kai tsaye. Inda yake ɓarna shi ne hanyar da mai ke bi daga tanki zuwa inji, kuma girman ɓarnar ya dogara da yawan etanol ɗin, da irin motar, da ruwan da ke kwance a tankinta.

Mene ne etanol, kuma me E10 da E20 ke nufi?

Etanol barasa ce, irin wadda ke cikin burukutu, sai dai an tace ta har kusan babu ruwa a cikinta, sannan an zuba mata ɗan fetur tun daga masana'anta don kada ta shawu. A Birazil daga rake ake yin ta, a Amurka daga masara. A nan an fi sa ido a kan rogo da rake.

Lambar da ke bin harafin E ita ce kason etanol. E10 na nufin lita 10 na etanol a cikin kowace lita 100 ta mai, sauran 90 fetur. E20 lita 20 ke nan. E85 kuwa galibinsa etanol ne, kuma an yi shi ne don wasu motoci na musamman da ake rubuta wa FlexFuel a baya, da yawansu murfin tankinsu rawaya ne.

Halaye huɗu ne suka raba etanol da fetur, duk abin da za a faɗa a ƙasa daga su ya fito. Ƙarfinsa bai kai na fetur ba: lita ɗaya ta etanol tana ba da kusan kashi biyu cikin uku na zafin da litar fetur ke bayarwa. Yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, kusan kashi 35 cikin 100 na nauyinsa. Yana son ruwa, yana haɗuwa da shi, alhali fetur da ruwa hannun riga ne. Sannan yana narkar da abubuwan da fetur zalla ba ya narkarwa. Yana da alheri ɗaya babba: lambar oktan ɗinsa ta haura 105, don haka yana rage ƙwanƙwasar nan da inji ke yi idan mota ta ɗauki hawa da kaya.

Na 2022 metanol ne, ba etanol ba

Wannan ne kuskuren da ya fi yawo. A ranar 8 ga Fabrairun 2022 hukumar NMDPRA mai kula da harkar tacewa da rarraba mai a Nijeriya ta sanar da cewa an gano fetur mai metanol fiye da kima a kasuwa. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen ruwa huɗu ne suka kawo shi daga Antwerp ta Beljiyam, kuma gwajin da aka saba yi a tashoshin jiragen ruwa bai haɗa da auna metanol ba.

Metanol ma barasa ce, amma wata iri daban. Sunayen biyu sun yi kama, aikinsu a mota ya bambanta. Metanol ya fi etanol cin ƙarfe da roba nesa ba kusa ba, ƙarfinsa kusan rabin na fetur ne, kuma ɗan ruwa kaɗan ya ishe shi ya ware daga fetur ya kwanta a ƙasan tanki. Shi ya sa ƙa'idar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 3 a fetur ba, alhali ta yarda da etanol har kashi 10. Wanda motarsa ta mutu a layin mai a 2022 yana da haƙƙin jin tsoro, amma ba E10 ne ya kashe ta ba. Abin da ya fi kusa da batunmu shi ne na 2008 a Legas, inda wani fetur da aka shigo da shi ya zo da etanol mai yawa ba tare da an sanar da kowa ba, motoci da dama suka lalace. Ko a can ɗin, mutane sun sha abin da ba su san suna sha ba ne.

Roba da ƙarfe: inda ɓarnar ke farawa

A bi mai daga tanki. A tsohuwar mota mai kafireta, wato na'urar da ke gauraya mai da iska, kamar 504 da kamfanin PAN na Kaduna ya riƙa haɗawa, ko Golf 2, mai yana fita daga tankin ƙarfe, ya bi bututu da guntayen tiyo na roba, ya ratsa filta, ya shiga famfon da ke manne a jikin inji, sannan ya hau kwanon kafireta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an ƙera shi ne da tunanin fetur zalla.

Tsohuwar robar tiyo tana shan etanol ta kumbura ta yi laushi. Idan mai ya janye ta bushe, sai ta ƙanƙance ta yi tauri, domin etanol ya wanke sinadarin da ke ba ta danƙo. Kumbura da bushewa, kumbura da bushewa, har ta tsattsage. Daga ciki take fara lalacewa, shi ya sa za a ga tiyo lafiya lau a ido amma baƙin gari yana taruwa a filta ko a jet, ɗan ramin da mai ke bi a kafireta. Haɗarin da ya fi komai a nan gobara ce: a wasu injuna tiyon mai yana wucewa kusa da bakin salansa, ɗigo kaɗan ya isa.

Famfon jikin inji yana aiki da wata fatar roba mai motsi sama da ƙasa. Idan ta huje, fetur ba lallai ya zubo ƙasa a gan shi ba, yana iya gangarawa cikin baƙin mai. Wannan ita ce hanya mafi kusa da etanol ke bi ya kai ga buga inji da gaske. Baƙin mai ya tsinke, ya daina riƙe metal da karanshaf, bayan 'yan makonni a ji ƙara daga ƙasa. Alamarsa mai sauƙi ce: ka zaro sandar gwada baƙin mai ka ga ya ƙaru maimakon ya ragu, kuma yana warin fetur.

Jikin kafireta kansa na tutiya ne ko alminiyom, jet ɗin kuma tagulla. Etanol busasshe ba ya yi musu wata ɓarna sosai, amma da ya sha ruwa sai ya fara ci. Wanda ya taɓa buɗe kwanon kafiretar da ta daɗe a ajiye ya ga farin gari kamar kanwa, ko kore-kore a kan jet, ya ga aikin. Haka tankin ƙarfe: rufin dalma da kuza da ake yi wa cikin tsofaffin tankuna yana ɓarewa, tsatsa ta samu ƙofa.

Akwai kuma wankin da etanol ke yi. Tankin da ya shekara 25 yana shan fetur ya tara dauɗa mai kama da ƙaro a bangonsa. Etanol yana sassaɓe ta, ta bi mai ta toshe filta. Mai mota ya sha sabon mai yau, jibi mota ta fara shaƙewa a hawa, sai ya ce man ya kashe masa inji. Sau da yawa filta ce kawai, kuma matsalar tana wucewa bayan tanki biyu ko uku idan an canza ta.

Ruwa: rabin ledar fiya wata ya isa

Fetur zalla ba ya riƙe ruwa, duk ɗigon da ya shiga tanki ƙasa yake sauka ya zauna. E10 yana iya shanye ruwa har kusan rabin kashi ɗaya cikin 100, wato mililita 5 a kowace lita. A motar da ake hawa kullum wannan ma alheri ne, domin yana kwashe ɗan raɓar da ke taruwa a tanki ya ƙone ta a inji.

Matsalar tana zuwa idan ruwan ya wuce abin da man zai iya ɗauka. A tanki mai lita 50, iyakar kusan mililita 250 ce, rabin ledar fiya wata ke nan. Da an haura haka, etanol ya bar fetur ya bi ruwa, su biyun su kwanta a ƙasa. Bakin famfo kuma a ƙasa yake. Inji ya ja cakuɗen ruwa da barasa, ya yi tari ya mutu. Fetur ɗin da ya rage a sama ya rasa oktan ɗinsa, don haka ko an samu mota ta tashi za ta riƙa ƙwanƙwasa. Girgiza ba ta mayar da su, magungunan kwalba da ake sayarwa ma ba sa mayarwa. Sai an juye tanki.

Yanayin Jos yana ƙara wa abin nauyi ta fuska biyu. Da damina, musamman Yuli da Agusta, iska cike take da laima, tsohon tanki kuma yana shaƙar iskar waje ta murfi. Da hunturu kuwa sanyi ke aiki, domin ƙarfin mai na riƙe ruwa yana raguwa idan ya yi sanyi. Man da ya tsaya lafiya da rana a Akwanga yana iya rabuwa da asuba a Rayfield ta Jos a watan Disamba.

Amma a faɗi gaskiya, ruwan da ke kashe mota a ƙasar nan ba daga iska yake zuwa ba galibi. Daga tankin ƙarƙashin ƙasa na gidan mai yake zuwa, wanda ruwan sama ke shiga, da tankar da ba a tsane ta ba, da jarkokin 'yan bumburutu. Da fetur zalla, ruwan yana kwance a ƙasan tankin gidan mai ba ya damun kowa sai ya taru sosai. Da E10, duk abin da ke cikin tankin yana iya lalacewa lokaci ɗaya. Shi ya sa a ƙasashen da ke amfani da shi ba a gauraya etanol a matata a tura ta bututu. A defo ake haɗawa, dab da lodin tanka.

Iska da mai: abin da ya raba kafireta da injekta

Don fetur ya ƙone sarai, yana buƙatar kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya. Etanol kilo 9 kawai yake buƙata, tunda ya zo da nasa oksijin. E10 yana tsayawa a wajen 14.1, E20 a wajen 13.5. Ma'ana, idan etanol ya ƙaru dole a ƙara wa inji mai: kusan kashi 4 a E10, kashi 8 zuwa 9 a E20, sama da kashi 30 a E85.

Motar injekta, wadda ake fesa wa injinta mai ta nozul, tana da na'urar shinshina oksijin a salansa, wadda ke gaya wa kwamfutar mota, biren-bos a bakin kanikawa, cewa iska ta yi yawa, ita kuma ta ƙara lokacin buɗe nozul. Yawancin kwamfutocin suna da sararin gyara na kusan kashi 20 zuwa 25. E10 ba ya girgiza su. E20 ma yana cikin sararin, idan komai lafiya yake. To amma motar da ta yi kilomita 300,000, famfonta ya gaji, nozul sun fara toshewa, wani tiyon iska ya tsage, ta riga ta cinye rabin sararin tun kafin a zuba mata komai. E20 sai ya ƙarasa, wutar cek injin ta kama, a sa sikana a ga P0171, lambar da ke nuna mai ya yi wa iska kaɗan. Akwai kuma motocin da aka cire musu na'urar oksijin gaba ɗaya lokacin da aka fasa salansa aka kwashe abin da ke ciki, abin da ya zama ruwan dare a nan. Irin waɗannan sun makance, ba su da bambanci da kafireta.

Kafireta ba ta da kwamfuta. Ramin jet ɗinta ɗaya ne, abin da ya wuce jiya shi zai wuce yau. Idan aka ba ta E20, mai ya yi wa iska kaɗan. Silo, wato aikin inji idan mota tana tsaye, ya ƙi tsayawa, mota ta riƙa jinkiri idan an taka totur, kuma wutar da ke ci a silinda ta daɗe tana ci har ta riƙa lasar bawul ɗin salansa. Doguwar tafiya da kaya a haka tana ƙona bawul, wani lokaci har kan fistin.

A nan Jos tana da wani sirri da ba kowa ya lura da shi ba. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa ta fi ta bakin teku sauƙi da kashi 11 zuwa 12. Kafiretar da aka saita a ƙasa, idan ta hau Filato, mai ne ke yi mata yawa, shi ya sa fulogi ke yin baƙi. E10 yana rage wannan yawan, har tsohuwar mota tana iya yin tafiya mai daɗi da shi a cikin gari. Haɗarin yana ga motar da bakanike ya matse mata jet a Jos don rage shan mai, abin da direbobi ke yawan nema tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Wannan motar idan ta sha E15 ko E20 ta gangara Akwanga ko Abuja, inda iska ta fi kauri ga kuma zafi, ƙarancin man ya ninku. A dawowa ta tunkari Hawan Kibo, dogon hawan da ke hanyar Jos, da lodi, inji a zafe, totur a ƙasa. Wurin da bawul ke ƙonewa ke nan.

Zafi yana kawo wata matsalar. Ƙara etanol kaɗan yana sa fetur saurin zama tururi, a kan tudu kuma komai yana saurin tafasa. A cunkoson rana, mai yana iya tafasa a cikin bututun da ke kusa da inji, famfo ya riƙa jan iska. Motar ta mutu, ta ƙi tashi, bayan minti 20 ta tashi kamar ba ita ba. Wahalar tashi da sanyin safe kuwa ba ta E10 ba ce, ta masu yawan etanol ce sosai. Tsofaffin motocin Birazil masu shan etanol zalla har ƙaramin tankin fetur ake sa musu don tayarwa a ranar sanyi.

"Tsohuwa" daga wace shekara?

Shekara kaɗai ba ta yanke hukunci, kuma a nan ne ake shan mamaki.

Motocin da suka fito daga Amurka, su Camry da Corolla da Accord da suka cika titunanmu, da yawansu E10 suka sha tun suna sababbi, domin kusan duk fetur ɗin ƙasar E10 ne. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, a 2010 da 2011 ta amince da E15 ga ƙananan motocin 2001 zuwa sama, ta hana shi ga waɗanda suka girmi haka, da babura, da jiragen ruwa, da ƙananan injuna. Wasu kamfanonin ba su yarda da wannan layin ba. Akwai motocin Toyota da aka rubuta a murfin tankinsu cewa kada a wuce E10. A duba murfin, a duba littafin mota, maganar wanda ya ƙera ta ita ce gaba.

'Yan Beljiyam da 'yan Kwatano, wato na Turai, lissafinsu daban. Da Ingila ta mayar da E10 man yau da kullum a Satumban 2021, ta ce kusan kashi 95 na motocin fetur za su iya sha, duk wadda aka ƙera daga 2011 kuma babu shakka a kanta. Peugeot da Nissan sun amince da nasu daga Janairun 2000. Honda ta amince da duk masu injekta. Mercedes ta cire masu kafireta da waɗanda ba su da matatar hayaƙi a salansa.

Sai kuma waɗanda ba a zata ba. Toyota ta amince da motocinta na Turai daga 1998, amma ta cire Avensis mai injin 1AZ-FSE na lita 2.0 da 2AZ-FSE na lita 2.4, waɗanda aka yi har 2008. Opel ta cire injin Z22YH na lita 2.2 da ke cikin wasu Vectra da Zafira. Volkswagen ta cire injunan FSI na farko da ke cikin wasu Golf da Bora. Duk waɗannan injuna ne masu fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai yawa, kuma famfonsu yana da sassan alminiyom da etanol ke iya ci idan zafi da matsi suka haɗu. Ke nan Avensis ta 2005 tana iya fin Accord ta 1996 shiga haɗari. Lambar inji ake dubawa, ba kyan fenti ba.

E20 kuwa, Indiya da kanta sai daga Afrilun 2023 ta fara fitar da motocin da aka shirya masa. Babu dalilin ɗauka cewa motar 2004 da aka yi wa E10 za ta sha E20 shekara da shekaru ba tare da robobinta sun gaji da wuri ba. Ba za ta mutu ran farko ba, kuma wannan ne ke sa kowane ɓangare ganin shi ke da gaskiya.

Masu so da masu ƙi, da lissafin aljihu

Masu goyon baya suna kafa hujja da Birazil, wadda ta fara shirinta tun 1975, ta kai E27 a 2015, ta koma E30 a Agustan 2025. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai motocin can an ƙera su ne don wannan man, kuma tun 2003 suke da masu shan kowane gauraye. Suna kuma cewa za a rage kashe dala, manomin rogo da rake zai samu kasuwa. Dalilin da ya sa Nijeriya ta fitar da manufarta ta man tsirrai a 2007 ke nan, da burin kaiwa E10. Masu adawa suna tuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka etanol ake yi da ita, kuma rogon da zai tafi tanki shi ne garin da zai tafi kwano. Jamus ta kawo E10 a 2011, direbobi da yawa suka ƙaurace masa don ba a yi musu bayani ba, har yau kuma ana sayar da E5 a gefensa.

Abin da ba ya buƙatar gardama shi ne shan mai. E10 yana rage nisan tafiya da kusan kashi 3, E20 da kashi 6 zuwa 7. Motar da ke cin lita 30 a tafiyar kilomita 300 za ta ci kusan 31 da E10, 32 da E20. Idan, a misali, litar fetur zalla naira 1,000 ce, sai an sayar da E20 a wajen naira 935 kafin direba ya tashi babu riba babu faɗuwa. Aka sayar da su kuɗi ɗaya, an ƙara farashi ne a ɓoye, kuma ɗan tasi da mai Keke ne za su fara ji a balas ɗin yamma.

A ganinmu, E10 abu ne da galibin motocin ƙasar nan za su iya ɗauka. Tsallakawa zuwa E20 a ƙasar da yawancin motocinta na hannu ne, ba tare da an bar famfo ɗaya na mai ƙarancin etanol ba, zalunci ne ga talaka. Kafin ma a kai can, famfunan gidajen manmu ba sa ɗauke da wani rubutu da ke nuna kason etanol, mai saye ba shi da hanyar zaɓa.

Janareta da injin ban ruwa sun fi mota shan wahala

Ana ta maganar mota, an manta da waɗanda suka fi rauni. Ƙaramin janareta, injin ban ruwa na masu noman rani a Mangu da Bokkos, injin niƙa, babur, tsohuwar Keke: duk kafireta ce mai ƙananan ramuka, tanki mai shaƙar iska, roba mai arha. Kuma su ne ake ajiyewa wata da watanni da mai a ciki. Injin ban ruwan da aka jingine a Afrilu da mai a kwano, a Nuwamba za a tarar jet ya toshe, fulot ya maƙale. A injin da ake gauraya wa baƙin mai da fetur abin ya fi muni, domin idan man ya rabu, abin da ya kwanta a ƙasa ba shi da maiƙo, fistin ya yi ta gogar silinda a bushe. Maganin ba shi da tsada: a rufe makunnin mai a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, a kwance ƙusar ƙasan kwano a tsiyaye abin da ya rage.

Gwaji da gyaran da ya kamata a yi

Ana iya auna barasar da ke cikin fetur da kwalbar gilashi mai awo da sirinji. A zuba ruwa mililita 20, a yi alama a inda ya tsaya. A ƙara fetur mililita 100, a rufe, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye minti 10. Idan layin ruwan bai motsa ba, babu barasa. Idan ya hau zuwa 29 ko 30, kusan kashi 10 ne. Idan ya doshi 40, ana maganar kashi 20. A yi a fili, nesa da wuta da sigari. Gwajin ba ya bambance etanol da metanol, jimilla kawai yake nunawa.

Ga mai tsohuwar mota, tiyo ne farko. A nemi wanda aka buga wa SAE J30 R9 a jiki, cikinsa yana da shimfiɗar robar da etanol ba ya ci. R6 da R7 su ne na da, wanda ba shi da rubutu ko kaɗan kuma kada a saya, balle tiyon ruwa da wasu ke yankowa. A canza har da guntun da ke saman tanki wanda ba a gani, a sa sababbin kilif. Sai fatar famfo, da allurar fulot, da gasket na kafireta. Idan an samu masu robar Viton su ne daidai. Tankin da ya yi tsatsa a sauke shi a wanke kafin sabon mai ya wanke shi zuwa cikin kafireta. A sa filta mai gani-har-hanji kafin famfo, a canza ta bayan kilomita 500 zuwa 1,000 na farko.

Saitin kafireta a yi shi da man da za a riƙa sha. Da E10, buɗe ƙusar silo kaɗan yakan isa. Da E20 sai an ƙara girman babban jet da mataki ɗaya ko biyu. Fulogi ne alƙali: bayan tafiya mai nisa, kansa ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Idan ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kada a hau babbar hanya a haka.

Wanda ya sha mai yawan etanol bisa kuskure a motar da ba ta dace ba, ba sai ya kira janwe ba matuƙar motar tana tafiya daidai. Tsarmawa ake yi. Lita 20 na E20 a tanki mai lita 60, aka cika da lita 40 na fetur zalla, gaurayen ya sauko ƙasa da kashi 7. Injunan nan masu fesawa kai tsaye da kamfanoninsu suka cire su ne ba a yi wa sakaci, gara a tuntuɓi bakaniken da ya san su kafin a ci gaba da tafiya. Idan kuwa mota ta fara tari da mutuwa jim kaɗan bayan an bar gidan mai, a tsaya, a zuƙo rabin kwalba daga bututun da ke zuwa inji a ɗaga ta a rana. Aka ga layi biyu, ko man ya yi hazo kamar ruwan kanwa, a daina murza makulli. A juye tanki, a hure bututu, a canza filta, a kuma ajiye kwalbar da rasit ɗin gidan man don kai ƙorafi ofishin NMDPRA.